Palermo: Ka Tambaya Kafin Ka Kai Baki

Saura ƙiris in ci kitsen alade a darena na farko a Palermo, kuma da hakan ta faru babu wanda zan ɗora wa laifi sai hancina. Na sauko daga masauki bayan isha'i cikina na ƙugi, na bi ƙamshi har bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa da suke kira La Cala. A can na tarar da wani ƙaton mutum tsaye gaban wata babbar tukunya da aka girke a karkace, yana tsamo yankakkiyar saifa da huhu daga cikin mai, yana cusawa a burodi mai riɗi, yana matse lemon tsami a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai kayan ciki a bakin tasha ya san yadda yawu ke tsinkewa a irin wannan lokaci. Na ɗaga yatsa ɗaya, wato a ba ni guda. Sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne, daga baya na ji mutumin Tunisiya ne. Ya dubi hulata, ya yi mini sallama, sannan ya nuna man da ke tafasa ya ce, "Strutto." Da ya ga ban gane ba sai ya maimaita da Larabci. Naman na maraƙi ne, amma a kitsen alade ake soya shi. Mai tukunyar bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini wani shago a tsallaken titi inda ake soya wani abu mai kama da ƙosai.

Wannan burodi da saifa, pani ca' meusa a bakin mutanen garin, shi ne abincin da suka fi tinƙaho da shi, kuma shi ya koya mini yadda ake zama a Palermo. Kusan komai a nan akwai wani abu kwance a ƙarƙashinsa. Ka ga coci, a gaya maka da masallaci ne, kafin masallacin kuma wani cocin ne. Ka ji sunan unguwa da Italiyanci, in ka ɗan kankare shi sai Larabci ya leƙo. Baƙon da ya iya tambaya shi ke cin moriyar garin, a faranti da kuma a bango.

Palermo ita ce hedikwatar Sisili, tsibiri mafi girma a Bahar Rum, yanki ne na Italiya. Mutanenta sun haura dubu 600. Tana zaune a wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya ta baya, teku kuma ta gaba. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Kano ko Yamai ya dire ka can kai tsaye, sai an yada zango. Ni ta Roma na bi, daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce a sama. Mai son ganin abin mamaki yana iya hawa jirgin ƙasa daga Roma: idan an iso mashigin Messina, taragon da kake ciki ake turawa cikin jirgin ruwa a ƙetare da shi, sannan a ci gaba da tafiya a kan dogo. Akwai kuma jiragen ruwa na kwana daga Napoli. Wahalar gaske tana gida, wurin neman biza. Ta Shengen ake nema, kuɗinta yuro 90 tun tsakiyar 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki. Ka fara nema da wuri. Kuma duk takardun da ka kai ofishin biza ka riƙe kwafinsu a jakar hannu, domin jami'in da ke duba fasfo a filin jirgi yana da damar sake tambayarka su, kuma mai koren fasfo ya fi kowa sanin cewa yana amfani da damar.

Filin jirgin garin yana Punta Raisi, kimanin kilomita 35 yamma da birni, a matse tsakanin dutse da teku. Akwai jirgin ƙasa da bas masu kai mutum tsakiyar gari cikin kusan awa guda, sun fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. In ka hau bas ka zauna kusa da taga. Wajen garin Capaci za ka ga wasu dogayen ginshiƙai jajaye a gefen babbar hanya. A nan ne 'yan Mafiya suka tayar da bam a ƙarƙashin titi ranar 23 ga Mayu 1992, suka kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku. Ba a cika wata biyu ba, ranar 19 ga Yuli, suka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. Sunan mutanen biyu ne a kan filin jirgin da ka sauka. Na faɗi wannan ne don kada ka shiga garin kana raha da sunan Mafiya kamar yadda ake yi a fim. Akwai masu sayar da riguna da kofuna da hoton "ubangida" don 'yan yawon buɗe ido, amma mutanen da suka binne 'yan'uwansu ba sa ganin abin dariya a ciki. A ƙofar wasu shaguna za ka ga tambarin Addiopizzo, ƙungiyar da matasa suka kafa a 2004, alamar cewa mai shagon ya ƙi biyan kuɗin da 'yan daba ke karɓa da sunan kariya. Baƙo dai babu ruwan Mafiya da shi. Wanda ke da ruwa da kai shi ne ɗan sane a cikin bas mai cunkoso.

Masauki ka neme shi a cikin tsohon gari, inda ƙafa za ta kai ka ko'ina. Amma ka tambayi abu uku kafin ka biya: hawa na nawa ne, akwai lifta, akwai na'urar sanyaya ɗaki. Ni ban tambaya ba, na kwashe mako ina hawa matakala tamanin da wani abu a wani tsohon gida mai kyan gani daga waje. Ɗakina kuma yana kallon Vucciria, wadda da rana kasuwa ce da ta kusa mutuwa, da dare kuma mashaya ce a fili har asuba. Ka taho da abin haɗa filoginka da soket ɗinsu, domin nasu mai zagayayyun ramuka ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga. Mai masauki zai karɓi wani ɗan haraji na kowane dare, na hukumar birni ne, ba cuta ba ce.

Abin da ya kai ni Palermo tun farko ba teku ba ne. Karatun zaure ne. Wanda ya zauna gaban malami aka biya masa Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa a farkon littafin marubucin ya ambaci malamai huɗu da zai riƙa nuni da ra'ayinsu: Lahmi, da Ibn Yunus, da Ibn Rushd, da Maziri. To biyu daga cikin huɗun nan jininsu na wannan tsibiri ne. Ibn Yunus ana ce masa Siƙilli, wato mutumin Sisili. Maziri kuwa sunansa daga garin Mazara ne, a kudu maso yammacin tsibirin. Abin bai tsaya nan ba. Rundunar Musulmi da ta taso daga Susa ta ƙasar Tunisiya ta sauka Mazara a shekarar 827, wanda ya jagorance ta ba basarake ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad bn Furat, dattijo ɗan kimanin shekara 70. Shi ne ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, ya tattara tambayoyin da ya yi wa Ibn Ƙasim a Masar cikin littafin da ake kira Asadiyya, wanda Sahnun ya ɗauka ya gyara har ya zama Mudawwana. Ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa. Palermo ta faɗo hannun Musulmi a 831, suka kira ta Balarm, suka mai da ita babban birninsu fiye da shekara ɗari biyu. Na sha jin waɗannan sunaye a kan buzu ina yaro, ban taɓa kawo wa raina cewa suna da gari mai tashar bas da shagon gyaran waya ba.

Hanya mafi sauƙi ta karanta garin ita ce ka bi titi ɗaya daga teku har fada. A taswira sunansa Via Vittorio Emanuele, amma mutanen gari Cassaro suke ce masa, daga "al-ƙasr" na Larabci. Ka fara daga Porta Felice a bakin ruwa da sassafe. A hagunka unguwar Kalsa ce, wadda asalin sunanta al-Halisa, ganuwar da sarakunan Musulmi suka gina wa kansu a ƙarni na 10. Har yau akwai gidajen da bama-baman 1943 suka rusa ba a sake tayar da su ba, ciyawa ta fito a tagoginsu, kusa da su kuma gidan cin abinci mai tsada. A tsakiyar hanya za ka iso Quattro Canti, mararrabar da ta raba tsohon gari gida huɗu. Daga nan ka ɗan ratse ka ga San Cataldo mai jajayen ƙubbobi uku, wanda in aka ɗauke shi aka ajiye a Ƙairawan babu mai cewa coci ne, da maƙwabciyarsa Martorana, wadda babban kwamandan jiragen ruwan sarki Roger na Biyu, wanda ya mulki tsibirin bayan zamanin Musulmi, ya gina, da rubutun Larabci a jikin wasu ginshiƙanta.

A babban cocin garin na fi daɗewa, kuma a waje, ban ma shiga ba tukuna. An gina shi a 1185 a gurbin babban masallacin Juma'a, wanda shi ma a gurbin cocin Rumawa aka yi shi. A rumfar shiga ta kudu, ginshiƙi na farko daga hagu, sama kaɗan da kan mutum, akwai wani sassaƙa mai siffar shafin littafi. Aya ce daga Suratul A'araf. Jama'a na ta wucewa a gabanta suna ɗaukar hoton hasumiya, babu mai ɗaga kai. Na tsaya ina bin haruffan da ido, wasu sun goge, wasu na nan raɗau. Wata tsohuwa da ta fito daga ibadar safe ta gan ni ina motsa baki, ta tsaya ta dubi ginshiƙin, ta dube ni, ta gyaɗa kai ta wuce. Ban san abin da ta fahimta ba. Magina ne suka tsinci ginshiƙi mai kyau a kangon masallaci suka yi amfani da shi, ko kuwa wani ne ya bar shi da gangan, kowa da abin da yake faɗa.

Normawa, mayaƙan da asalinsu daga arewacin Faransa suke, sun ƙwace garin a 1072. Abin da ya sa ake zuwa kallon gine-ginensu har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015 shi ne ba su kori masu sana'a ba. Sun riƙe magina da marubuta Musulmi, sun ɗauko masu adon bango daga Rumawa, suna rubuta takardun mulki da Larabci da Girkanci da Latin. Ka sayi tikitin fadar sarki ka shiga ɗakin ibadar da ake kira Cappella Palatina, wanda Roger na Biyu ya fara a 1132. Bango zinariya ce da hotunan Kirista, amma ka ɗaga kai: rufin katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin na masallatan Masar, aikin hannun Musulmi. Ka je da an buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawo su sauke jama'a, kuma ka duba ranar da za ka je, domin majalisar dokokin Sisili a cikin fadar take zama, wasu ranakun ana rufe sashe. A wannan fada ce Idrisi, masanin ƙasa haifaffen Sabta, ya kammala wa Roger littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ da taswirar duniya a 1154. Kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa. A ciki ya yi bayanin Takrur da Gana da Kaukau, wato Gawo, da Kanem. Ke nan kimanin shekara 870 da suka wuce, wani mutum yana zaune a wannan tudu yana tambayar fatake labarin ƙasashenmu yana rubutawa.

Sai dai kada daɗin wannan labari ya ɗebe mutum. Na ga baƙi Musulmi suna yawo a garin da wani irin alfahari kamar gadon gidansu suka zo dubawa. Ibn Hauƙal da ya zo wajen 973 ya ce ya tarar da masallatai fiye da 300, kodayake bai yaba mutanen ba, har ya ɗora laifin abin da ya kira dusashewar basirarsu a kan yawan cin ɗanyar albasa. Daga cikin masallatan nan babu ko ɗaya da ya rage a tsaye. Zaman lafiyar zamanin Roger bai daɗe ba. Tun daga shekarun 1220 sarki Frederick na Biyu ya riƙa kwashe Musulmin tsibirin yana kai su Lucera a can cikin Italiya, kafin tsakiyar ƙarnin an gama da su. Gine-ginen da ake nuna maka da sunan "na Larabawa", har da fadar Zisa wadda sunanta daga al-Aziza yake, sarakunan Kirista ne suka sa aka gina. Abin da ya saura na Musulmin kansu sunaye ne, da lemo da rake da suka yaɗa nomansu, da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Masallacin da na yi Juma'a a cikinsa, a lungun da ke bayan Cassaro, tsohon coci ne na San Paolino da aka ba Musulmi a 1990, 'yan Tunisiya ke kula da shi. Tarihi ya juyo da abin ta ɗaya gefen. Ba a kiran salla a lasifika, saboda haka ka sa manhajar lokutan salla a waya. Akwai kuma ƙananan wuraren salla na 'yan Bangaladash a kusa da tashar jirgin ƙasa da kasuwar Ballarò, in ka tambayi kowane mai shagon kayan miya zai nuna maka.

Ballarò ita ce wurin da Bahaushe zai ji kamar ya san garin. Rumfuna ne jere cikin lunguna, kifin takobi an sare kansa an kafa shi yana kallon sama, tumatir da gauta da zaitun tuli-tuli, masu talla suna rera farashi da wata irin murya da suke kira abbanniata, babur na kutsawa cikin mutane babu ko a jikin kowa. Tsakanin rumfunan Sisiliyawa akwai shagunan 'yan Gana da Najeriya da Gambiya da Bangaladash, inda za ka sami garin rogo da manja da kuɓewa, da mahauta masu naman halal. A wani bango an zana ƙaton hoton wani baƙin mutum da rigar 'yan zuhudu. San Benedetto ke nan, ɗan bayi 'yan Afirka da aka haifa a Sisili, ya rasu a Palermo a 1589, yau yana cikin waliyyan da garin ke ɗauka a matsayin majiɓintansa.

A nan, bayan Juma'a, na ji wani a bayana yana faɗa a waya, "Wallahi na turo, ki je ki duba." Na juya da sauri har na kusa ture tiren wani mai lemo. Saurayi ne siriri, bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Na jira ya gama na yi masa sallama da Hausa. Ya yi tsaye yana kallona kamar ya ga fatalwa, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. Mutumin Tawa ne. Ya ja ni wani ɗan shago ya sa aka kawo shayi, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da damina kamar daga ƙauyensu na fito.

"Baba, aiki ka zo nema ko karatu?"

Na ce masa yawo na zo, ganin gari.

"Yawo kawai? Ka gani ka koma?" Ya yi dariya har yana buga cinya. "Allah mai iko."

Shi ta Agadas ya bi, a bayan Hilux, zuwa Dirku, zuwa Sabha. Ya yi aikin gini a Libiya fiye da shekara kafin ya tara kuɗin kwale-kwale. Bai ba ni labarin teku ba, ni ma ban tambaya ba. Tsibirin Lampedusa, inda da yawa irinsa ke fara taka ƙasa, yana ƙarƙashin Sisili ne a mulki duk da ya fi kusa da Tunisiya, kuma a gaɓarsa ne mutum 368 suka nutse a rana ɗaya, 3 ga Oktoba 2013. Yanzu yana wanke kwanuka a wani gidan abinci, yana jiran sabunta takarda. Na sa hannu a aljihu zan biya kuɗin shayi ya riƙe mini hannu. "Haba Baba, kai ne baƙo." Shi ya rubuta mini a bayan rasit kalmomin da suka tsare mini ciki sauran kwanakin: maiale alade, prosciutto da pancetta namansa, strutto kitsensa, senza kuma "ban da".

Da waɗannan kalmomi biyar mutum zai ci ya ƙoshi. Abin nan mai kama da ƙosai sunansa panelle, garin wani wake ne da Larabawa ke kira hummus, ake dama shi a yanka fale-fale a soya a man girki, a sa a burodi. Da shi nake karyawa. Arancina dunƙulen shinkafa ce kamar lemo, a soye, da haɗi a ciki. A Palermo ka ce arancina, in ka ce arancino irin na mutanen Catania za a gyara maka nan take, tsohuwar gardama ce tsakanin garuruwan biyu. Wadda ake kira "al burro" da naman alade a cikinta duk da sunanta na man shanu ne, mai nama kuma sau da yawa gauraye ne, don haka ka nemi ta alayyafo ko ta gauta, ita ma ka tambaya. Kifi shi ne mafita. Taliya da sardin, wadda ake haɗawa da zabibi da wani ganye mai ƙamshi da za'afaran, ita ce abin da na fi so, kuma ɗanɗanonta kaɗai ya isa ya gaya maka ta wace gaɓa aka ƙetaro da ita. Caponata gauta ce da aka dafa da tsami da zaƙi. Wurin kayan zaƙi ne tarkon yake: ɓawon cannolo na gargajiya da strutto ake murza shi, har da ɗan giya, burodi mai laushi ma wani lokaci haka. Granita ta lemon tsami ko ta almon, ƙanƙara ce niƙaƙƙiya, babu abin tsoro a cikinta, kuma da rana tsaka ta fi komai.

Sai ka saba da agogonsu. Daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu ƙananan shaguna da coci-coci da yawa a rufe suke, kowa ya tafi cin abinci da ƙailula. Gidajen abinci ba sa buɗewa da dare sai wajen bakwai da rabi ko takwas. In ka zauna a tebur za ka ga an ƙara wani kuɗi a rasit da sunan coperto, kuɗin zama ne da burodi, haka al'adar take. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi arha a kan na zaune. Tikitin bas a shagon taba mai alamar T ake saye, in ka shiga kuma ka cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba tara ce ko da tikitin na hannunka. Bas ɗin kansa yana zuwa lokacin da ya ga dama. Tsallaka titi kuwa, wanda ya iya tsallaka titin Kano ba ya buƙatar darasi: ka haɗa ido da direba, ka sa ƙafa, kada ka yi gudu, kada ka ja da baya. Riƙe 'yan tsabar kuɗi don kasuwa, wayarka kuma a aljihun gaba.

Watannin Afrilu zuwa farkon Yuni, da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne lokacin zuwa. Kada wani ya ce ai mu mun saba da rana. Zafin Yuli da Agusta a nan da gumi yake zuwa, kuma a wannan tsibiri ne, kusa da Siracusa, aka auna digiri 48.8 ranar 11 ga Agusta 2021, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a Turai. Wani lokaci iska mai zafi da suke kira scirocco takan taso daga Sahara ta rufe sama da jan ƙura, ta bar wa motoci rigar ƙasa. Na wayi gari da ita sau ɗaya, na ga mai masaukina yana share baranda yana ƙunƙuni, na ce a raina ƙurar gidanmu ce ta biyo ni, sai dai mu da sanyi take zo mana. Mai son taron jama'a ya zo tsakiyar Yuli, daren 14 ga wata, lokacin bikin Santa Rosalia, wadda suka yi imani ta kawar musu da annobar 1624. Mai gudun cunkoso ya kauce wa wannan mako.

Wani abin mamaki, Palermo gari ne na bakin teku da ya daɗe yana juya wa teku baya. A cikin gari babu wurin wanka, sai filin Foro Italico inda iyalai ke shan iska da yamma, yaran Bangaladash na buga kurket, jiragen Napoli da Tunis na shiga da fita. Mai son yashi sai ya hau bas mai lamba 806 zuwa Mondello, bayan dutsen Pellegrino. Ruwan garau yake, mara zurfi, amma yawancin gaɓar a lokacin zafi an kange ta ana biyan kuɗin kujera da laima, kuma shigar mutane a wurin irin ta bakin ruwan Turai ce, wanda zai je da iyali ya san da haka tun daga gida. Da sassafe ko wajen Oktoba wurin kusan naka ne kai kaɗai. In kwana ya rage maka, bas 389 daga bayan fada zai hau da kai Monreale, inda bangon coci ɗaya ke ɗauke da adon zinariya fiye da murabba'in mita 6,000, ko ka ɗauki jirgin ƙasa na awa ɗaya zuwa Cefalù. Akwai kuma wani gidan ƙarƙashin ƙasa na 'yan zuhudun Capuchin da aka jera dubban busassun gawarwaki da tufafinsu ana biya ana kallo. An yi ta zuga ni in je. Ban je ba, ban kuma yi nadama ba.

Ranar da zan taso na shiga kasuwar Capo neman tsaraba. Na sayi busasshen tumatir da almon, sannan na hango wani shago da aka jera lemo da ɓaure da tuffa ƙanana a taga, suna ƙyalli kamar yanzu aka tsinko su. Alewa ce da ake kira frutta martorana, matan zuhudu na gidan ibadar Martorana ne suka fara yin ta. Na nuna, na gyara murya, na yi tambayar da na yi sau hamsin a mako guda: "Strutto?" Matar ta dafe ƙirji kamar na zage ta. Ta ƙirga mini da yatsu, almon, sukari, ta buɗe tafin hannu alamar shi ke nan. Na sayi ƙaramin kwali, ta naɗe shi da takarda da zare kamar kayan lefe. Da na iso gida na ajiye shi a faranti ban ce komai ba, autarmu ta ɗauki lemo ɗaya ta tafi kicin neman wuƙar da za ta ɓare shi.